Tambayi Likitan Dabbobi: Da takwas a lissafi, zan samu Dakar?

Assalamu alaikum, Baba Likita. Ina gaishe ka da aiki. Ni ɗiyarka ce daga unguwar Garin Malam a nan Damagaram, shekaruna 19. Bana Allah Ya ba ni bak, wato jarrabawar kammala sakandare, a seri D ta kimiyya, da mwayan (matsakaicin maki) 12,40 bisa 20. Na samu 15 a ilimin halittu, 11 a fizik da shimi, amma 8 kawai a lissafi. Burina tun ina ƙarama in zama likitar dabbobi. Babana dillali ne a kasuwar dabbobi, ni ce mai kula da awakin gidanmu tun ina firamare, har haihuwa na sha karɓar musu. Wannan ne karo na farko da zan nemi makarantar likitancin dabbobi ta Dakar. Yayana ya ce in daina wahalar da kaina, wai ba a samu sai da hanya. Wata ƙawata ta ce in sake zana bak baɗi don in gyara lissafi, kawuna kuma ya ce in tafi Zariya. Innata dai ba ta ce komai ba, amma na ga ba ta son maganar Dakar. Baba, ka faɗa mini gaskiya, ina da rabo ko in haƙura?

Ɗiyarka, daga Garin Malam.

Wa alaikumus salam, ɗiyata. Barka da arziki, Allah Ya sa albarka a wannan bak.

Masu karatu ba su ga wasiƙarki yadda ta zo ba, domin na rage ta. Maki ya ci layi uku, labarin awaki ya ci shafi ɗaya da rabi, har da sunan kowace akuya da halinta. Na karanta duka da daɗin rai. Sai dai waɗanda za su buɗe dosiyenki, wato takardunki na neman shiga, layi ukun nan za su duba, shafi da rabin nan ba za su ma san da shi ba. To bari mu fara daga inda su za su fara.

Makarantar da kike nufi, wadda ake taƙaita sunanta da EISMV, tana Dakar amma ba ta Senegal kaɗai ba ce. Ƙasashen Afirka fiye da goma ne suka haɗu a kanta, Nijar na ciki, tare da irin su Burkina Faso, Benin, Togo, Cadi da Kamaru, kuma tun 1968 take aiki. Da Faransanci ake karatu, ana son mai bak na kimiyya, a yi wajen shekara shida, a ƙare da rubuta kundin bincike kafin a ce da mutum dokta. Ɗan Nijar yana shiga ta ƙofa biyu. Ko dai gwamnati ta gabatar da sunansa da burs, wato tallafin karatu, wanda hukumar ANAB ce ke kula da sha'aninsa, ko kuma iyayensa su ɗauki nauyinsa da aljihunsu. Tunda kin ce Baba dillali ne, ba attajiri ba, na san ƙofar farko kike kallo.

A wannan ƙofa, ba da makarantar kike takara ba, da ƴan'uwanki ƴan Nijar kike yi. Guraben ba su da yawa, kuma ba yawansu ɗaya kowace shekara ba. Tambayi babanki ya gaya miki: rago ba ya da kuɗi shi kaɗai. Ragon da zai zama abin kallo a kasuwar ƙauye cikin damina, in aka kai shi layin balami mako guda kafin Layya, ko juyowa ba a yi a kansa. Haka 12,40 take. Ba zan iya ce miki ta isa ko ba ta isa ba sai na san su wa aka ɗaure kusa da ke a turke bana. Duk wanda ya ce miki "da sha biyu ana shiga" ko "sai da sha huɗu", labarin shekararsa yake ba ki.

Abin da zan iya shi ne in latsa makin nan yadda dillali ke latsa bayan rago. Sha biyar a ilimin halittu nama ne mai kyau, kuma a daidai wurin da ake so. Sha ɗaya a fizik da shimi ba yabo ba fallasa. Takwas a lissafi kuwa ɗingishi ne, mai saye kuma zai gan shi tun daga nesa.

Na san abin da za ki ce a ranki, domin ni ma na faɗe shi a zamanina: mene ne haɗin lissafi da saniya? Na tafi Dakar ina tsammanin ranar farko za a miƙa mini wuƙar tiyata. Shekarar farko ban taɓa ko jelar akuya ba. Shekarar share fage ce, lissafi, fizik, shimi da ilimin halittu, daga safe har yamma, kuma a nan aka fi yin tankaɗe. Wani abokina da ya fi mu duka sanin shanu, ɗan makiyaya ne na ainihi, a wannan shekara ya tsaya. Bayan makaranta ma lissafin bai rabu da mu ba. Allurar nan mai ruwan zuma da kowane mai kiwo ya sani, oksitetarasikilin mai dogon aiki, mililita ɗaya ake yi wa kowane kilo goma na nauyin dabba. Ibamektin kuma, na ƙwari da tsutsar ciki, mililita ɗaya ne ga kilo hamsin. Ki ɗauki rago mai kilo arba'in: na farko mililita huɗu, na biyu bai kai ko ɗaya ba. Wanda ya rikita waɗannan biyu, ko ya kasa ƙiyasta nauyi da ido a wurin da babu sikeli, ya cuci dabba ya cuci mai ita. Sannan akwai ƙirgen kwanakin da za a jira bayan allura kafin a yanka ko a sha nono, abin da masu turka ragon Layya suka fi kowa mantawa, amma wannan faɗan na wani mako ne.

To ga hukuncina, tunda gaskiya kika nema, ranar wanka kuma ba a ɓoyon cibi. A layin burs ɗin gwamnati ba ki cikin na gaba. Akwai masu 14 da 15, kuma za a fara da su. Amma ba a waje kike ba. Abin da ke taimakonki shi ne mafi yawan masu manyan maki a seri C da D ba aikin dabbobi suke nema ba, likitancin mutane suke so, ko haɗa magunguna, ko injiniya. Mutanenmu suna son dabba, amma ba kowa ke son ɗansa ya ƙare karatu yana shiga kashin shanu ba. Wannan raini da ake yi wa sana'armu, wanda ya daɗe yana ɓata mini rai, yau ya zama riba a gare ki, domin yana rage tsawon layi. Idan aka ce in sa hannu a wuta cewa za ki samu, ba zan sa ba. Idan kuma kika ce za ki fasa nema, zan ce kin yi wauta.

Kasancewarki sabuwar mai nema kuwa ba aibi ba ne. Na ga kin ambace shi kamar wata naƙasa. Akasin haka ne: burs na karatun waje, har da irin wanda ƙasashe kamar Maroko da Aljeriya ke ba ɗalibanmu, inda su ma akwai makarantun likitancin dabbobi, yawanci sabon bak ake so, wani lokaci har da iyakar shekaru. Bak ɗinki bai taɓa tsada kamar yadda yake a watannin nan ba. Shi ya sa ban yarda da shawarar ƙawarki ba. Mai son ki ce, amma za ki saki reshe ki kama ganye. Wa ya ba ki tabbacin sha biyar ɗin nan za ta dawo baɗi? Takwas ɗin nan ba sai an sake bak ake gyara ta ba. Ki nemi wani mushe, wato malamin makaranta, na lissafi a unguwarku, ko ɗalibin jami'ar André Salifou mai neman na sabulu, ki zauna da shi wannan hutun. Ba zai canza abin da ke kan takarda ba, amma in Allah Ya sa kin shiga, shi zai hana a koro ki bayan shekara guda. (Na taɓa ce wa wani Bakano zan je gaida mushena, ya dube ni kamar na zautu, domin shi abin da ya sani da mushe dabbar da ta mutu ba yanka. A aikina dai da iri biyun duka nake hulɗa.)

Sai maganar yayanki. Ba zan rantse cewa duniya ta gyaru ba. Amma cikin yaran da suka zo wurina suna kukan an hana su don ba su da kowa, da na zauna na bincika, da yawa ba su kai dosiye a kan lokaci ba, ko sun kai shi da giɓi. Mu ƴan Damagaram muna da wata matsala da ɗan Yamai ba shi da ita: tsakaninmu da inda ake yanke hukunci kusan kilomita 900 ne. Sanarwa takan fito, kafin ta iso kunnenmu an ci rabin wa'adi. Ni kaina saura ƙiris in rasa tafiya saboda harafi guda. A takardar haihuwata an rubuta sunan mahaifina iri ɗaya, a takardar bak an rubuta shi wani iri. Wanda ya karɓi takarduna a wani ofis ya ajiye su gefe bai ce mini komai ba, sai da na dawo bayan kwana goma na tarar suna nan inda na bar su, ƙura ta hau. Da marigayi kawuna bai sayar da bijimi ya biya mini mota zuwa da dawowa ba, da yau wani ne ke amsa miki wannan wasiƙa.

Don haka yau ɗin nan, ba gobe ba, ki shimfiɗa tabarma ki baje takardar haihuwa, ta zama ɗan ƙasa, ta sakamakon bak da ta maki, da katinki, ki bi suna da ranar haihuwa harafi-harafi. Ki yi kwafi da yawa a buga musu hatimi a ofishin magajin gari. Ki fara neman fasfo tun kafin a tambaye ki. Ki nemi wani naki a Yamai wanda zai riƙa leƙa allon sanarwa da ƙafarsa, kada ki dogara da abin da ake yawo da shi a WhatsApp. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma duk wanda ya ce ki ba shi kuɗi ya sa sunanki, ki riƙe kuɗinki.

Yanzu mu koma kan awakin, domin ban ce ba su da amfani ba. Cewa na yi ba za su shigar da ke ba. Amma su ne za su iya zaunar da ke.

Sai dai ki bambanta son dabba da son aikin dabba. Akuyarki ta san muryarki. Dabbar da za a kira ki a kanta ba ta san ki ba, tana cikin ciwo, tana harbi, mai ita kuma yana tsaye yana lissafin ko kuɗin maganin ya fi kuɗin naman. Sau da yawa amsar da ta dace ita ce a kira mahauci, kuma ke za ki faɗa. Za ki tsaya a mayanka da asuba ki duba huhu da hanta, ki ce wannan ba za a sayar ba, mahauci da wuƙa a hannu yana kallonki, jarinsa kenan kike cewa a binne. Za ki farka cikin tunkiya ki ciro dunƙulen leda da ya fi kan mutum girma, abin da ya zama ruwan dare a garin nan tunda dabbobi suka koma kiwo a kan juji. A 2006, da murar tsuntsaye ta ɓulla a Magarya, aikin da ya faɗo wa ma'aikatan kiwo shi ne su shiga gida-gida su kashe kajin mutane, har da masu lafiya. Babu ɗaya cikinmu da ya yi karatu don wannan, amma aikin kenan. Ni abin da ya jawo ni tun farko farin 1984 ne, wanda muke kira El Buhari, ina yaro ina ganin shanun dangina suna zubewa a hanyar Tanut. Ban shigo don dabba tana da kyan gani ba. Na shigo ne don na ga yadda mutum mai garke ke wayar gari yana bara.

Kafin jerin sunaye ya fito, je ki ma'aikatar kiwo ta jiha, ko wurin wani likita mai zaman kansa, ki gaishe su ki ce kina son ki riƙa bin su, ko riƙe igiya ne. Ki je mayanka sau uku. In lokacin rigakafin shekara ya zo, wanda ake yi wa shanu na ciwon huhu da kuma awaki da tumaki na annobarsu, ki roƙa a tafi da ke daji ko na kwana biyu. In kin dawo har yanzu kina so, to so ne. Ki kuma karɓi takardar shaida mai hatimi daga wanda kika bi. Ba lallai a neme ta ba, amma ba ta da nauyi a jaka.

Akwai abu guda da kike da shi wanda ni ban taɓa samu ba cikin shekaruna na aiki. Awaki da kajin garin nan na wa ne? Na mata ne, kuma a cikin gida suke. Ni sai in tsaya a zaure, a aiko yaro ya ce mini "wai ba ta cin abinci", in yi ta tambaya ana kai wa ana kawowa, kafin a jawo mini akuyar waje ta galabaita. Ke za ki yi sallama ki shige har turke, ki ga dusar da ake ba ta, ki ga ruwan, ki ji daga bakin mai ita. Rabin dukiyar dabbobin cikin gari tana bayan katangar da namiji ba ya wucewa. Wannan ki faɗa wa duk wanda ya ce miki aikin maza ne.

Maganar Zariya, kawunki bai yi ƙarya ba. Jami'ar Ahmadu Bello tana da tsohuwar tsangayar likitancin dabbobi mai suna, akwai kuma a jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato da ta Maiduguri, duka sun fi Dakar kusa da gida nesa ba kusa ba, ga Hausa a kasuwa, ga tuwo. Amma a aji Turancin Ingilishi ne zalla, shekara shida, kuma ƴan ƙasar kansu sai sun yi gumi a jarrabawar JAMB ta shiga jami'a kafin su samu wannan fanni. Ingilishin lise, wato sakandare, ba zai ɗauke ki ba. In can kika nufa, ki sa shekara guda ta koyon harshe a lissafinki, da kuɗin makaranta na baƙo, da batun daidaita takardu in kin dawo. Hanya ce, amma ba gajeriya ba ce kamar yadda take a taswira.

Abin da nake so ki yi tare da neman Dakar, a lokaci guda ba bayansa ba, shi ne ki yi rajista a gida. Tsangayar aikin gona ta jami'ar Abdou Moumouni a Yamai da ta jami'ar Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi suna koyar da ilimin kiwo, akwai kuma makarantar IPDR ta Kollo mai horar da ma'aikatan karkara. Ba zan yaudare ki ba, wanda ya fito nan ba likitan dabbobi ba ne, masanin kiwo ne ko ma'aikacin kiwo, kuma akwai abin da doka ta keɓe wa likita. Amma cikin dabbobi zai yi rayuwarsa, wasunsu kuma sun fi mu amfani ga makiyayi, domin yunwa ta fi cuta kashe dabba a ƙasar nan. Abin da ba na so shi ne ki zauna a gida shekara guda kina jiran jerin sunaye. Yarinya mai shekara 19 da ke zaune a gida, ni da ke mun san irin sallamar da ake fara yi a ƙofar gidansu.

Shirun innarki kuwa kada ki ɗauke shi wasa. Shekara shida ba kwana shida ba ne, Dakar gari ne mai tsada, burs kuma yakan yi jinkiri, wani lokaci na watanni. Ki zauna da ita da Baba ku yi lissafi a fili: in kuɗin gwamnati bai zo ba wata uku, wa zai aiko, kuma rago nawa kenan a shekara? Ki nemi wata ƴar Nijar da ta yi karatu a can, ki haɗa su da Inna ko ta waya ne. Abin da uwa za ta ji daga bakin mace irinta, ni ko na cika mujallar nan ba zan iya faɗa mata ba. Ki gaishe ta, ki gaida Baba, ki ce masa likitan da ke hana shi sayar da rago mai tari yana gaishe shi. In sunaye sun fito, ko da ke ko babu ke, ki rubuto mini.

Wata wasiƙar kuma ta zo daga Matamai:

Likita, barka da aiki. Ɗana ya samu bak seri A, ta adabi, da maki mai kyau, ya ce shi likitan dabbobi yake son zama don muna da shanu. Yana da hanya? Naka, wani uba daga Matamai.

Alhaji, barka kadai. Da bak A babu hanya kai tsaye, ko makin ya kai nawa, domin makarantun nan bak na kimiyya suke karɓa. In da gaske yake, sai ya koma ya zana bak D, kuma ba abu ne mai sauƙi ba ga wanda bai yi zurfi a lissafi da shimi ba. Kafin ku kashe kuɗi, ka tura shi ya yi wata guda tare da ma'aikacin kiwo na garinku. Ka kuma tambaye shi a keɓe, ba a gaban mutane ba, ko shi ne ke so ko kuwa ya ga kai kake so.